Bazararsu Daban, Tamu Daban

Duk shekara cikin watan Maris, ma'aikatan hukumar hasashen yanayi ta Japan sukan je gindin wata bishiyar sakura guda a harabar wurin bauta na Yasukuni da ke Tokiyo, su ɗaga kai suna ƙirga fure. Da zarar biyar ko shida sun buɗe, sai a yi shela cewa sakura ta fara huda. Daga nan gari ya ɗauka. Iyalai da abokan aiki su kwashi shimfiɗa da abinci su nufi gindin itatuwa, a ci a sha, ana kallon furen da ba ya wuce mako biyu. Wannan zama shi suke kira hanami. A Kiyoto, rubuce-rubucen fada da na wuraren bauta sun adana ranakun hudar nan na fiye da shekara 1,000, har masana suka gane cewa a 2021, da furen ya cika ranar 26 ga Maris, ya yi sammakon da ba a saba gani ba.

Masu fassara labarai sukan kira wannan lokaci bazara, kuma nan gizo ke saƙar. Wanda ya kwana a Gusau cikin watan Afrilu ya san bazara ba lokacin shimfiɗa tabarma a fili da rana ba ne. Zafi kan haura 40 a ma'auni, kogin da ya bi ta Gusau ya wuce Bunguɗu ya janye sai rairayi da 'yan kududdufai, 'yan garuwa su yi tsada, manomi yana sharar gona yana duban gabas. Muna da namu furen: mangwaro kan yi huda tun sanyi bai gama tafiya ba, ɗorawa ta sako jan furenta yana reto kamar tuntun hula. Sai dai ba wanda ke ɗaukar tuwo ya je ya zauna kallonsu. Yara ma jira suke ya nuna su jefo.

Lokacin shagalin Bahaushe kaka ne. Rumbu ya cika, an sayar da auduga da gyaɗa, aljihu ya yi nauyi, dare ya yi sanyi. A nan ake ɗaura aure, a yi kalankuwa, a share fagen dambe da na kokawa. Ƙasar Zamfara ba baƙuwa ba ce a wannan fage, domin ita ta haifi Kassu Zurmi mai kiɗa wa 'yan tauri da mafarauta, da Musa Ɗanƙwairo na Maradun. Jirgin ƙasan da ya ratsa Gusau ya kai Ƙauran Namoda a 1929 shi ma kaka yake jira, don amfanin gonar ya zo ɗauka.

In ana neman bikin da ya ɗauru da wuri kamar yadda na Japan suka ɗauru, sai a dubi Kwatarkwashi. Matafiyin da ya taso daga Tsafe zuwa Gusau ba zai kasa ganin dutsen ba, ya tokare sama, garin ya lafe a gindinsa, yau cikin ƙaramar hukumar Bunguɗu. Can aka san bikin kamun maiki, inda a dā shekara-shekara samari kan hau dutsen su kamo wannan babban tsuntsu su sauko da shi gaban sarki, ana kiɗa ana kirari. Abin ya samo asali tun zamanin maguzanci, kuma abin da ya sa ya ja baya ke nan a ƙasar da ke tunƙaho da malaman 'Yandoto, wadda kuma ta shelanta shari'ar Musulunci a Gusau a watan Oktoba na 1999. Ba na cikin masu kukan tsafi. Amma ina ganin da aka zubar da ruwan, an haɗa har da tulun: jarumtar hawan, da kirarin, da ranar da 'yan gari mazauna nesa ke dawowa gida. Sarkin Kwatarkwashi Ahmad Umar, wanda ya rasu a 2022 bayan shekara 61 a kan karaga, ya tafi da labarin da yawa.

Abin da ya rage mana babba shi ne hawan sallah, shi kuwa wata yake bi. Shekarar wata ta gaza ta rana da kusan kwana 11, saboda haka sallah kan zagaye damina da kaka da hunturu da bazara cikin shekara 33. A 2024 ƙaramar sallah ta faɗo 10 ga Afrilu, a 2025 ta faɗo 30 ga Maris. Wato ranar da mutanen Tokiyo ke zaune gindin fure, mahaya a ƙofar fadar Sarkin Katsinan Gusau suna jiƙe sharkaf cikin rawani da alkyabba, dawaki na kumfa. Su kuwa can kwanan watansu a kafe yake. Bikin Takayama 14 da 15 ga Afrilu ne. Jerin gwanon Aoi a Kiyoto, mai mutum wajen 500 cikin tufafin fadar dā, da dawaki da keken shanu, 15 ga Mayu ne. Kasuwar tsofaffin kaya ta wurin bauta na Toji tana ci ranar 21 ga kowane wata. Baƙo na iya sayen tikiti tun bara.

Ta fuskar kasuwa ba su fi mu ƙa'ida ba. Kasuwar ƙauye ba ta saɓa ranarta. Talatar Mafara ma sunanta ya faɗi ranar. Kuma kasuwa a nan ta wuce saye da sayarwa. A can mai magani ke baje kolinsa da lasifika, a can ake jin wa ya mutu wa ya yi aure, a can saurayi ke sayen goron gaisuwa, mai fura tana dama wa dillalin shanu yana ciniki da hannu cikin hannun riga.

Abin da ya raba mu da su hanya ce. Biki da kasuwa duka ƙafa suke ci, ƙafa kuwa sai da aminci. A 2021, da ta'asar 'yan bindiga ta yi ƙamari, gwamnatin Bello Matawalle ta rufe kasuwannin mako-mako, ta hana safarar dabbobi, aka kuma katse layukan waya a farkon Satumba. Cikin watan nan ne aka sace Sarkin Bunguɗu, Hassan Attahiru, a hanyar Kaduna zuwa Abuja. An buɗe kasuwannin daga baya, amma dambe na dare a bayan gari bai dawo yadda yake ba. Direban da ya yi lodi a Tsafe yanzu ba ya jiran kasuwa ta watse. La'asar na yi yake buga ƙofar mota, yana kiran fasinja su bar cinikin haka nan, a wuce gindin dutsen Kwatarkwashi da sauran rana.