Me Ya Sa Thunder Ta Biya Ɗan Wasa Don Ya Tafi?

A watan Maris na 2021, ƙungiyar ƙwallon kwando ta Oklahoma City Thunder da ke Amurka ta fitar da sanarwar da ta ɗaure wa magoya bayanta kai. Ta ce Al Horford, gogaggen ɗan wasan da sau biyar yana shiga sahun taurarin gasar NBA, ba zai ƙara buga wasa ba har kaka ta ƙare. Lafiyarsa ƙalau, bai yi wa kowa laifi ba, albashinsa na shiga, amma aka ce ya zauna. Bayan wata uku aka miƙa shi ga Boston Celtics, aka karɓo Kemba Walker, mai fama da ciwon gwiwa, wanda ya rage wa kwantiraginsa shekara biyu da kuɗi kusan dala miliyan 74. A watan Agusta aka sasanta da Walker: ya yafe wani kaso, ƙungiya ta ɗauki nauyin sauran, ya kama hanyar New York Knicks. Ko minti ɗaya bai buga wa Thunder ba.

Nan fa musu ya kaure. Wasu magoya baya suka ce rowa ce, masu ƙungiyar ba sa son fitar da kuɗi. Wasu suka ce da gangan ake neman shan kashi. Wasu kuma suka ce Sam Presti, wanda ke riƙe da ragamar saye da musayar 'yan wasa tun 2007, basirarsa ce ta ƙare. Ranar 2 ga Disamba, 2021, masu wannan ra'ayi suka samu abin nunawa: Memphis Grizzlies ta lallasa Thunder da maki 152 da 79, alhali ma tauraronta Ja Morant bai buga ba. Ratar maki 73 ke nan, ba a taɓa yin irinta ba a tarihin gasar.

Sai dai ruwa ba ya tsami banza. Mu bi zargin ɗaya bayan ɗaya.

Batun rowa shi ne mafi saurin faɗuwa. Marowaci ba ya kinkimo bashin miliyoyin daloli na mutumin da ba zai yi masa aiki ba. Batun neman shan kashi kuwa akwai ƙamshin gaskiya a cikinsa. Duk shekara NBA tana raba wa ƙungiyoyi matasan 'yan wasa ta hanyar zaɓe bi da bi, kuma waɗanda suka ƙare a ƙasan tebur su ne ke shiga ƙuri'ar neman guraben farko. Tun 2019, ƙungiyoyi ukun da suka fi shan kashi kowace tana da damar kashi 14 cikin ɗari ta samun gurbi na ɗaya. Horford mai shekara 34 zai iya ciyo wasannin da za su rage wannan damar, ya kuma tare wa yara wuri a fili. Wannan ya warware zamansa a benci. Amma bai warware batun Walker ba, domin mai son a ci shi ba ya bukatar biyan ko sisi.

Bakin zaren farko yana cikin dokar albashi. Kowa ya san NBA tana da iyakar abin da ƙungiya za ta kashe, wadda a kakar 2021-22 ta kai kimanin dala miliyan 112. Abin da ba a cika ambata ba shi ne akwai kuma mafi ƙarancin abin da ya zama dole a kashe, wato kashi 90 cikin ɗari na wannan iyakar, sama da dala miliyan 100. Ƙungiyar da ta gaza kai wa nan sai ta biya cikon. Thunder kuwa cike take da yara masu ƙaramin albashi. Ke nan kuɗin nan, ko an so ko an ƙi, sai sun fita daga aljihu. Tambayar da ke gaban Presti ita ce me zai saya da su.

Bakin zare na biyu yana cikin abin da ke biyo kowane ɗan wasa a baya. Horford daga Philadelphia ya zo a ƙarshen 2020, bayan ta ba shi kwantiragin shekara huɗu na har dala miliyan 109 ta ga bai dace da tsarinta ba. Don Thunder ta yarda ta karɓe shi, sai da aka haɗa mata da gurbin zagayen farko na zaɓen wata shekara mai zuwa. Boston ma da ta so sauke nauyin Walker, sai da ta ɗora gurbi na 16 na zaɓen 2021 a kai. Presti bai riƙe wannan gurbin ba, ya miƙa wa Houston, ya karɓi guraben zagayen farko biyu na gaba. Manyan ƙungiyoyi da suka haura iyaka da nisa suna fuskantar harajin da ke ƙaruwa da kowace dala, shi kuma yana da sarari. Kamar mai sito ne da babu kaya a ciki, 'yan kasuwa na kawo masa ajiyar abin da ya cushe musu shago, suna biyan haya. Hayar nan ba da kuɗi ake biyanta ba, da guraben zaɓe ne.

Saura tambaya ɗaya: me ya sa bai nemi taurari da kuɗin kai tsaye ba? Amsar tana cikin tarihin garin. Oklahoma City ƙaramin birni ne idan aka kwatanta da Los Angeles ko New York, kuma manyan 'yan wasan da kwantiraginsu ya ƙare ba kasafai suke zaɓarsa ba. Ƙungiyar da ta kai wasan ƙarshe a 2012 da zaɓe aka gina ta: Kevin Durant, Russell Westbrook da James Harden. A shekarar aka tura Harden Houston saboda an kasa daidaitawa kan albashi, Durant kuma ya tafi Golden State a 2016 ba tare da an samu komai a madadinsa ba. Darasin a fili yake: hanyar samun tauraro a wannan gari ita ce a zaɓe shi yana yaro, lokacin da doka ta ƙayyade albashinsa na shekara huɗun farko. Tunda zaɓe kuma ba shi da tabbas, yawan gurabe shi ne yawan dama.

Da wannan fahimtar, wata musaya da Thunder ta yi a Yulin 2019 ta fito da ma'anarta. Tauraro Kawhi Leonard ya so Los Angeles Clippers ta kawo masa Paul George, ɗan wasan Thunder, kafin ya sa mata hannu, Presti ya gane a matse suke, ya tsuga farashi: Danilo Gallinari, wani matashi ɗan Kanada mai suna Shai Gilgeous-Alexander, guraben zagayen farko biyar, da 'yancin musanya gurbi sau biyu. A lokacin an ɗauka guraben Clippers ba za su yi daraja ba, tunda ƙungiya mai ƙarfi a ƙarshen layi take zaɓe. Sai Leonard ya ji ciwon gwiwa, bai buga kakar 2021-22 ba, gurbinsu na 2022 ya zama na 12. Da shi Thunder ta zaɓi Jalen Williams. A daren kuma ta ɗauki Chet Holmgren a gurbi na 2, ladan wasa 58 da aka ci ta a kakar.

Daga nan lissafi ya fara hawa: nasara 40 a kakar 2022-23, sai 57, sai 68 a 2024-25. A 2024 ne Presti ya juya akalar kuɗin zuwa gogaggu, ya ɗauko Isaiah Hartenstein, ya kuma ba da Josh Giddey ya karɓi Alex Caruso daga Chicago. Ranar 22 ga Yuni, 2025, Thunder ta doke Indiana Pacers da maki 103 da 91 a wasa na bakwai ta ɗauki kofi, Gilgeous-Alexander ya zama gwarzon kaka da na wasannin ƙarshe.

Masu suka ba su tashi a tutar babu ba. Gurbi na 16 da aka bai wa Houston shi ne ya zama Alperen Şengün ɗan Turkiyya, wanda ya shiga sahun taurari a 2025. Horford ma ya ci kofi da Boston a 2024. Kuma ciwon Leonard sa'a ce, ba dabarar kowa ba. Amma hukuncin bai sauya ba: kuɗin Walker ba asara ba ne, kuɗin sayen dama ne. Duk wanda zai auna musaya a NBA, ya duba albashi da guraben da aka haɗa da ita kafin ya duba sunan ɗan wasa.