Ma'aikatan da Ba a Gani a Lambun Tumatir

Manomin rani a Batsari ko Safana ya san lissafin da ke hana shi barci: kuɗin buhun yuriya da NPK ya haura tun yaƙin Yukiren a 2022, man injin ban ruwa ya bi sahu bayan cire tallafi a 2023, ga ƙasar yankin mai yawan yashi, wadda ba ta riƙe ruwa balle taki. Abin da ba a cika faɗa masa ba shi ne, cikin ƙasar da ke manne da saiwar tumatirinsa akwai ƙwayoyin bakteriya masu yi masa aiki kyauta.

Ba kowace bakteriya ce cuta ba. Akwai mugaye, kamar Ralstonia da ke sa tumatir ya yi yaushi ya mutu da ɗanyen ganyensa. Amma Azotobacter, wadda masanin Holan Beijerinck ya gano a 1901, tana kamo sinadarin naitirojin daga iska ta mayar da shi abincin shuka. Wasu nau'o'in Bacillus da Pseudomonas kuwa suna narkar da fosfaras ɗin da ya daskare a ƙasa, su mamaye jikin saiwa har cuta ta rasa wurin sauka. Wata 'yar'uwarsu, Bacillus thuringiensis, ana fesa ta a ganye tsutsa ta ci ta mutu, kuma tana cikin abin da ake yaƙar Tuta absoluta da shi, tsutsar nan da ta cinye gonakin tumatir a Kano da Kaduna da Katsina a 2016.

Wanda ya taɓa tuge gyaɗa ko wake ya ga 'yan ƙulle-ƙulle a saiwar, to ya ga gidan Rhizobium. Ita ce cibiyar IITA ta Ibadan ke ƙullawa a leda da sunan NoduMax domin waken suya. Tumatir ba ya yin waɗannan ƙulle-ƙulle, saboda haka kada wani ɗan kasuwa ya sayar maka da ita a kan maganin tumatir ce. Ribar tana zuwa ne idan ka yi wake ko gyaɗa da damina, ka bar ganye da saiwa a wurin, sannan ka dasa tumatir da rani.

A nan gizo ke saƙar: waɗannan halittu ba sa rayuwa sai da abin ci, abincinsu kuwa ruɓaɓɓen taki ne. A da, bayan girbi makiyayi kan sauka a gona, shanu su ci kara su bar kashi. Satar shanu da ta'asar 'yan bindiga a gefen dajin Rugu sun raba garuruwa da yawa da garkunansu, takin ya tafi tare da su. A ganina, wanda ya zuba bakteriyar da ake sayarwa a kwalba a busasshen yashi ya yi asarar kuɗinsa ne kawai.

Don haka a fara da juji: kashin awaki da na kaji, da ragowar kara, a jiƙa, a riƙa juyawa har ya huce ya ruɓe. A daina cinna wa gona wuta. Idan an sayi ta kwalba, a duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa, a ɓoye ta daga rana, a tsoma saiwar dashe a ciki da yamma, kuma kada a gauraya ta da maganin feshi mai sinadarin tagulla, domin kashe ta yake yi. Takin zamani kuma a rage shi sannu a hankali, a wasu 'yan kwamai tukuna, a kwatanta yawan kwandunan da suka bayar da na sauran lambun.