Tsohuwar motar tsere mai tsatsa: a saya ko a bari?

Hirarmu ta yau a kan mota take.

Ɗan'uwa mai karatu, wata rana kana iya ganin wata tsohuwar mota a bakin garaji, gajera, mai ƙofa biyu. Irinta ake ce wa motar tsere. Don gudu da ƙawa aka yi ta. Mai ita zai ce maka injin lafiya lau, tsatsa ce ƴar kaɗan. Ya tada ta, ka ji ƙara mai daɗi, hankalinka ya kwanta. To, dakata tukuna. Injin ana gyara shi, ana ma canja shi. Ƙarfen jiki shi ne abin dubawa na farko.

Mu ɗauki misali guda. Kowa ya san Peugeot 504, wadda muke ce wa Fijo. Tana da ƙanwa mai ƙofa biyu, sunanta 504 Coupé, ana faɗin “kufe”. An fito da ita a 1969, aka daina yin ta a 1983. Ta yi suna ƙwarai. A 1978 ita ta ci tseren Safari a Kenya, ta kuma ci na Bandama a Kwaddibuwa, duka biyu a hannun direba Jean-Pierre Nicolas. Amma yi lissafi da kanka. Mafi ƙuruciya a cikinsu ta wuce shekara 40.

Ga inda mai saye yake ruɗuwa. Yana cewa ai Fijo ce, kayanta sun cika kasuwa, tun da a da an yi shekaru da yawa ana haɗa 504 a Kaduna. Gaskiya ne wasu kayan ƙarfe na ciki suna shiga. Jiki kuwa daban ne. Wani kamfanin Italiya, Pininfarina, shi ya ƙera jikin kufe. Ƙofar 504 da ka sani ba ta shiga, gilashin gaba ba ya shiga, ƙarfen da ke rufe taya ma haka. In tsatsa ta cinye su, sai dai mai walda ya yanka ya ƙera da hannu.

Daga ina tsatsa take zuwa? Ƙarfe in ya haɗu da ruwa da iska, sai ya fara ruɓewa. Gishiri yana ƙara masa sauri. A Turai, lokacin ɗari, ana watsa gishiri bisa hanya don ƙanƙara ta narke. Taya ta ɗebo ruwan gishirin ta fesa a ƙarƙashin mota, shekara da shekaru. Yawancin tsofaffin motocinmu daga can suka fito. Wasu Turawa ne suka tuƙo su ta hamada, ta Tamanrasset zuwa Arlit da Agadas, a shekarun 1970 da 1980. Wasu jirgin ruwa ya sauke su a Kotonu ko Lome, suka sha iskar teku. Ƙasarmu busasshiya ce, tsatsa ba ta gudu a nan. Amma wadda ta riga ta shiga ba ta fita, kuma laka ta damina tana ciyar da ita.

Tsatsa ba iri ɗaya ba ce. Akwai ja ta sama, wadda in an goge sai farin ƙarfe ya bayyana. Wannan ba ta da tsoro. Akwai wadda ke kumbura fenti kamar ƙuraje. Wannan daga ciki ta fito, kuma abin da ke ƙarƙashi ya fi abin da ido ya gani. Ka san aikin gara a jikin azara: waje sumul, ciki gari. Sai ta uku, wadda ta huda.

Huda ma wuri-wuri ce. Babbar mota tana da shasi, wato dogayen ƙarafa biyu da jiki ke zaune bisansu. Kufe ba ta da shasi daban. Jikin da kansa ne ke ɗauke da injin, da ƙafafu, da kai. Rami a fatar ƙofa muni ne kawai. Rami a dogon ƙarfen da ke ƙarƙashin ƙofa, ko inda ƙafar mota ta kama jiki, wannan maganar rai ce. Ran da ka faɗa rami da gudu, nan zai karye.

Saboda haka je da rana, motar a wanke. Tafi da makanikin da kai ka zaɓa, kada ka dogara ga na mai mota. Riƙe tocila, da babbar ƙusa, da mayen ƙarfe. Na tsohuwar lasifikar rediyo ya isa. A hau da motar bisa ramin garaji, ka shiga ƙarƙashi. Ƙwanƙwasa da ƙusa. Ƙarfe mai lafiya yana amsawa da ƙara. Ruɓaɓɓe yana yin ɓus, yana zubo gari. Ɗaga shimfiɗar ƙasa, inda direba ke aza ƙafa. Ciro tayar ajiya ka duba gurbinta. Duba mazaunin batir, don ruwan batir yana cin ƙarfe. In ka ga sabon baƙin kwalta a ƙarƙashin tsohuwar mota, tambaya me aka rufe.

Mayen ƙarfe kuwa, naɗe shi a ƙyalle ka bi da shi ƙasan ƙofofi da bakin tayoyi. Inda ya kama, ƙarfe ne. Inda ya saki, mastik ne, wato ƙullun da ake cike rami da shi kafin a yi fenti. Yaɓe ne bisa tsagaggen bango.

Gwaji na ƙarshe, a ɗaga gefe guda da jak. Buɗe ƙofa, ka rufe. In ta ƙi rufuwa kamar da, ko wurin da jak ya tokare ya lotsa, jikin ya mutu. A ganina, nan ciniki ya ƙare, ko nawa aka rage maka. In mai mota ya hana a ɗaga ta, shi ma ya ba ka amsa.

In ƙarfen ya ci jarrabawa, sai ka ciro littafinka, tun da yanzu ka iya rubutu. Rubuta kuɗin mota. Ƙarƙashinsa rubuta abin da mai walda ya ce, da na mai fenti, da na makaniki. Tara su. Wannan jimla ita ce kuɗin motar na gaske, da ita za ka yi ciniki. Ka tuna kuma gajera ce, hanyar ƙauye mai yashi ba tata ba ce.

Kafin ka ƙirga ko dala, karɓi kartagiris da takardar duwan. Nemi lambar da aka buga a jikin ƙarfen motar. Karanta ta da kanka, ɗaya bayan ɗaya, ka gwada da ta takarda. In tsatsa ta cinye lambar, ko ka ga alamar walda kewaye da ita, mayar wa mai mota takardunsa.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.