Daga ƙanƙara zuwa 'yar hula: wutar da ke tayar da bindigar ɗuri

Wanda ya taɓa yin damina a unguwar New Bell ta Duwala ya san yadda danshi yake shiga komai. A watannin Yuli da Agusta ruwa kan kwana yana zuba, ya wuni yana yayyafi, gishiri ya jiƙe a gwangwani, ashana kuma sai an yi ta ƙyastawa kafin ɗaya ta kama. Ruwan da ke sauka a Duwala a shekara yakan haura milimita 3,500, alhali na Kano da wuya ya kai 1,000. Abin da danshin nan yake yi wa ashana, shi yake yi wa albarushi. Ita kuwa bindigar da ake ɗurawa ta baki, wadda muke kira adaka ko bindigar toka, amfaninta da hatsarinta duka sun rataya ne a kan ɗan abin da ke kai wa albarushin wuta.

Bindigar nan ba baƙuwa ba ce a wurinmu. Tarihin sarakunan Kano ya nuna Babba Zaki, wanda ya yi sarauta daga 1768 zuwa 1776, shi ya fara ajiye 'yan bindiga cikin masu tsaron sarki, kuma har gobe jikokinsu a sana'a su ne ke cika gari da hayaƙi ranar Hawan Daushe. A nan bakin kogin Wuri kuwa, tun kafin sarakunan Bell da Akwa su sa hannu a yarjejeniya da Jamusawa a 1884, bindiga da albarushi suna cikin kayan da jiragen Turawa ke saukewa su ɗauki manja da hauren giwa. A 1890 ƙasashen Turai suka zauna a Brussels suka hana a sayar wa yawancin mutanen Afirka bindigogin zamani, suka bar mana mai ƙanƙara da albarushin fatake. Wannan na cikin dalilan da suka sa tsohuwar bindiga ta yi dogon zamani a hannun maharbanmu, maƙera kuma suka koyi ƙera ta, daga ƙasar Hausa har tsaunukan Bamenda da ƙasar Bamileke, inda aka saba harba ta a bukukuwan mutuwa. Da yawa daga maƙwabtanmu na New Bell can ne mahaifarsu.

Mai ƙanƙara aikinta kamar ƙyastu ne. An ja kunama, ƙanƙara ta daki ƙarfe, tartsatsi ya faɗa cikin ɗan albarushin da aka zuba a wani ɗan kasko a gefe, wutar ta bi ƙaramar kafa ta shiga ciki. Kaskon nan, ko da murfinsa, raɓa da danshi kan shige shi, shi ya sa take yawan ƙin tashi. Wani limamin coci a Sikotlan, Alexander Forsyth, mai son harbin agwagin ruwa, ya gaji da yadda walƙiyar kaskon ke korar tsuntsu kafin harsashi ya fita. A 1807 ya yi rajistar dabarar tayar da bindiga da sinadarin da ke kamawa idan an doke shi. Cikin shekarun 1820 dabarar ta zama 'yar hular tagulla da ake kifawa a kan wani ɗan nono a gindin bindiga, guduma ta sauka a kanta. Masu Faransanci suna ce mata amorce.

Sabon salon da ake yayi yanzu a Amurka ya fito ne daga jihohin da suka ware wa masu bindigar ɗuri lokacin farautar barewa na daban. A 1985 wani maƙerin bindiga, Tony Knight, ya fitar da MK-85. Har yanzu ta baki ake ɗura mata, amma ya ɗauke hular daga gefe ya sa ta daidai bayan albarushin. A tsohon tsari sai wuta ta yi kwana kafin ta isa, kuma a kwanar nan ne datti da danshi ke taruwa. A sabon kuwa miƙewa take yi kai tsaye.

Hula iri uku ce a kasuwar Amurka. Akwai ƙarama mai lamba 11, akwai babbarta ta tsofaffin bindigogin soja, sai kuma mai lamba 209, wadda asalinta ta harsashin bindigar tsuntsaye ce, irin ɗan maɓallin nan da ake gani a gindin harsashi mai lamba 12. Ita ce ta fi su zafi nesa ba kusa ba, kuma ita ce yawancin sababbin bindigogin ke ɗauka. Sai dai zafi kaɗai ba shi ne gwaninta ba, kuma a nan ne nake ganin darasin yake. Baƙin albarushi na asali, mai gawayi da farar wuta, ɗan tartsatsi ya ishe shi. Waɗanda aka ƙirƙiro don su maye gurbinsa, irin su Pyrodex da Triple Seven, sun fi shi taurin kai, musamman idan an curo su dunƙule-dunƙule. Maharba suka lura cewa idan an haɗa Triple Seven da hula mai tsananin zafi, wani busasshen datti yakan yi zobe a cikin bututu, daidai inda harsashi ke zama. Ɗuri na gaba sai sanda ta cije a kan zoben, mutum ya ɗauka harsashin ya kai ƙasa, alhali akwai sarari tsakaninsa da albarushi. Sararin nan yana iya kumbura bututu ko ya fasa shi. Saboda haka kamfanoni irin su Winchester da Remington suka fitar da 209 mai sassauci don bindigar ɗuri kawai. Da albarushin Blackhorn 209 ya shigo a 2008, sai lamarin ya juya: shi mai sassaucin ba ta tayar da shi yadda ya kamata, sai cikakkiya ta harsashin tsuntsaye. Wato albarushin da ke ciki shi ke zaɓen hular, sannan abin da maƙerin bindigar ya rubuta a takardarta shi ne hukunci.

Idan mutanen da ke da masana'antu da ma'auni suna wannan taka-tsantsan, ina ga wanda ke riƙe da adakar da aka ƙera da bututun famfo? Abu biyu ne suka fi raba maharbanmu da yatsu da idanu. Na farko, a farke harsashin zamani a juye garinsa cikin bindigar toka. Wannan gari marar hayaƙi ƙarfinsa ya ninka na baƙin albarushi, ko bindigar ɗuri ta kamfani an hana a zuba mata shi, balle ta maƙera. Na biyu shi ne wanda danshi ke jawowa. An ja kunama, hula ta yi ƙas, shiru. Maharbi ya sauke bindiga daga kafaɗa, ya juyo bakinta yana leƙawa, ko ya jingine ta a cinya yana laluben wata hular a aljihu. Ashe wutar ta kama, tana ci ne a hankali cikin albarushin da ya sha laima. Masu koyar da farauta suna cewa a bar bakin bindiga yana kallon inda babu kowa har aƙalla minti ɗaya. Kuma ba a ɗura bindiga da hula a kanta, ba a sa fuska ko tafin hannu a saitin baki lokacin da ake danna sanda, ba a ajiye ta a ɗure a bayan ƙofa. Hular da aka harhaɗa a gida kuwa ba ta da ma'auni, tana iya tashi da ɗan gogawa kawai.

Sai maganar hukuma, wadda bai kamata kowa ya yi wasa da ita ba. Dokar gandun daji da namun daji ta 1994, wadda aka maye gurbinta a 2024, ta sa bindigar fatake, wato adaka, cikin abubuwan da aka haramta farauta da su a Kamaru. Doka mai lamba 2016/015 ta ranar 14 ga Disamba 2016 ita ke tsara mallakar makamai da harsasai, kuma ƙera su ko riƙe su ba da izini ba laifi ne mai kai mutum gidan yari. A watan Afrilun 2018, lokacin da rikicin yankunan masu Ingilishi ya yi tsanani, ministan cikin gida Paul Atanga Nji ya dakatar da sayar da bindigogi da harsasai a jihohi shida, har da Littoral inda Duwala take. A ganina matakin yana da hujja, domin adakar farauta na cikin makaman da aka fara ɗauka a wancan rikici. Unguwa irin tamu, inda gida ke manne da gida, yara na wasa a kowane lungu, gobara kuma ta sha cin kasuwanninmu, ba wurin ajiye albarushi ba ce ko da doka ta yi shiru.

Ina kira ga masu unguwanni da limamanmu na New Bell su riƙa tsokaci a kan wannan, musamman gab da Sallah da lokacin da jama'a ke haramar tafiya gida arewa. Wanda ya gaji tsohuwar bindiga daga mahaifinsa, ya ɗauka a ɗure take har sai wanda ya san aikin ya tabbatar masa babu komai ciki. Daga nan ya nufi hukuma, ko ya nemi izini ko ya miƙa ta.