Abin da Ke Sa Gaɓar Gulbi Zaftarewa Bayan Damina

Duk wanda ya saba bin gaɓar gulbin Zamfara a Jega ya san cewa ƙasa ba ta cika zaftarowa sa'ad da ruwa ya cika maƙil ba. Sai ruwa ya fara janyewa, wajen watan Oktoba zuwa Nuwamba, sannan a wayi gari a ga gefe guda ya rufta. Abin takaici, wannan shi ne lokacin da masu noman rani da masu ɗibar yashi ke gangarawa fadama.

Dalilin yana ɓoye cikin ƙasar. Gaɓar gulbi hawa-hawa take: laka a sama, sau da yawa rairayi a ƙarƙashinta. Muddin gulbi na cike, ruwansa na tokare da gaɓar. Da ya ja baya, tokarin ya tafi, alhali ƙasar na nan jiƙe sharkaf da nauyinta. Ruwan da ta sha sai ya riƙa tsattsafowa ta cikin rairayin, yana kwashe shi kaɗan-kaɗan, har lakar sama ta rasa mazauni. Mai haƙa da ya rarake gindin gaɓa, ko gindin kududdufi a Aliero ko Maiyama, aikin ruwan nan yake yi da hannunsa, cikin gaggawa kuwa.

Irin wannan ne ke faruwa ga dusar ƙanƙara a duwatsun Turai. A farkon hunturu 'yar kaɗan ke sauka, tsananin sanyi ya mayar da ita gari-gari kamar sukari. In mai nauyi ta hau kanta, takun mutum ɗaya ya isa ya sa falle guda ya sulluɓo, musamman a gangaren da ya kai digiri 30 zuwa 45. A Fabrairun 1999 zaftarewar ƙanƙara ta hallaka mutum 31 a ƙauyen Galtur na ƙasar Ostiriya. Shi ya sa masana a can suke haƙa rami su duba hawa-hawan ƙanƙarar kafin su taka ta.

Mu ma muna da abin dubawa. Tsagewa a saman gaɓa, da ruwa mai laka-laka da ke fitowa daga gindinta, da itacen da ya fara karkata wajen gulbi, duk alamu ne. Kada kuma a raina 'yar gaɓa don ba ta fi tsayin mutum ba: jiƙaƙƙiyar ƙasa mai mita ɗaya tsawo da faɗi da zurfi ta haura tan ɗaya da rabi, wanda ta danne wa ƙirji kuwa ba ya iya numfashi ko da kansa na waje.