Tuba da Amanar Yara: Wane Laifin Baya Ne Ke Hana Mutum Aiki da Ƙanana?

Ranar 4 ga Agustan 2002, wasu yara mata biyu 'yan shekara 10, Holly Wells da Jessica Chapman, suka fita daga gida a ƙaramin garin Soham na ƙasar Ingila, ba su sake dawowa ba. Sai ranar 17 ga watan aka tsinci gawarwakinsu a wani rami a bayan gari. Wanda ya kashe su, Ian Huntley, shi ne mai kula da harabar makarantar sakandaren garin, kuma a gidan da makarantar ta ba shi ya aikata ta'asar. A Disamban 2003 kotu ta yanke masa ɗaurin rai da rai.

Bayan an gama shari'a ne mutanen Ingila suka ji abin da ya ƙara tayar musu da hankali. Ashe tun yana yankin Grimsby, tsakanin 1995 da 1999, an sha kai ƙararsa wurin 'yan sanda bisa zargin lalata da 'yan mata ƙanana da kuma fyaɗe. Ba a taɓa kama shi da laifin a kotu ba. 'Yan sandan yankin sun goge yawancin bayanan, binciken da aka yi kafin a ɗauke shi aiki a ƙarshen 2001 kuma bai tono komai ba. Kwamitin Sir Michael Bichard, wanda ya fitar da rahotonsa a Yunin 2004, ya nuna yadda kowane ofishi ya riƙe guntun labari, aka rasa mai haɗa su wuri guda. Daga wannan rahoto aka samu dokar 2006 ta kare masu rauni, daga bisani kuma, a 2012, aka kafa hukumar DBS mai tantance duk wanda zai yi aiki da yara.

Tambayar da wannan lamari ya bari ta shafi duk wurin da ake tara yara a damƙa su a hannun babba: makarantar boko, Islamiyya, tsangaya, ƙungiyar ƙwallo, sansanin 'yan agaji, gidan marayu. Idan aka gano ma'aikaci yana da tabon baya, me ya kamata a yi? Mutane kan rabu gida biyu. Wasu su ce hali zanen dutse ne, a sallame shi kawai. Wasu su ce ɗan Adam ajizi ne, wanda ya tuba ba a tona masa asiri. Ni a ganina duk ɓangarorin biyu sun yi gaggawa, domin sun tsallake tambayar farko: wane laifi ya yi, kuma mene ne alaƙar laifin da amanar da ke hannunsa yanzu?

Kekuna biyu

Ingilar da ta yi sakaci da Huntley ita ce kuma ta wuce gona da iri bayansa. An tsara wani shiri da zai tilasta wa mutum kusan miliyan 11 yin rajista kafin su kusanci yara, har marubutan da ke ziyartar makarantu suka yi ƙorafi, gwamnati ta dakatar da shi a 2010. Sannan ga labarin wani matashi da kotu ta sakaya sunansa, ta kira shi T. Yana ɗan shekara 11 'yan sanda suka yi masa gargaɗi kan wasu kekuna biyu da aka sace. Bai sake shiga wata rigima ba. Da ya kai 17 ya nemi ɗan aiki a wata ƙungiyar ƙwallon ƙafa, sai maganar kekunan ta fito a takardar bincike. Da ya shiga jami'a karatun wasanni, wanda zai haɗa shi da koyar da yara, ta sake fitowa. Sai da aka je Kotun Ƙolin ƙasar, wadda ta yanke hukunci a 2014 cewa tsarin da ke fallasa kowane ɗan kuskure, ba tare da duba girmansa da daɗewarsa da shekarun mai shi ba, ya tauye haƙƙin mutum.

Babu yaron da aka kare ta hanyar hana wannan matashi koyar da ƙwallo. Abin da aka samu kawai shi ne asarar mutumin kirki, da koya wa matasa cewa gyara hali ba shi da amfani. Wanda kuwa ya zauna da matasan unguwa ya san cewa sau da yawa tsohon ɗan shaye-shaye da ya daina, ko tsohon ɗan daba da ya ajiye wuƙa, ya fi kowa iya janyo yaro daga bakin halaka, domin ya san hanyar ciki da bai.

Rarrabewar da malamanmu suka yi

Fiƙihun Malikiyya da muke karantawa a zaurukanmu ya daɗe da warware irin wannan ƙulli a babin shaida. A mashhurin mazhabar, kamar yadda yake a Muhtasar na Shehu Halil, mutumin da aka tsayar wa haddi ya kuma tuba ana karɓar shaidarsa a sauran al'amura, amma ba a karɓarta a kan irin laifin da aka yi masa haddin. Wanda aka yi wa bulala kan giya zai iya shaidar ciniki ko aure, sai dai alƙali ba zai saurare shi kan wani mashayi ba. Malamai ba su ce tubarsa ƙarya ce ba. Sun ce akwai tuhuma a wannan wuri guda, haƙƙin wani kuma na rataye a kansa, don haka a nan kaɗai aka ja masa layi.

Tarihin sahabbai ma ya zo da misali. Ɗulaiha al-Asadi ya yi da'awar annabci, ya yaƙi Musulmi a zamanin Sayyidina Abubakar, daga baya ya tuba, Musuluncinsa ya yi kyau, ya yi yaƙin Ƙadisiyya, ya yi shahada a Nahawand. Duk da haka malaman tarihi sun ruwaito cewa Sayyidina Umar ya umarci kwamandansa da ya riƙa shawara da shi kan dabarun yaƙi, amma kada ya ba shi jagorancin runduna. An amfana da basirarsa, an kare masa mutunci, an kuma hana shi abu guda da ya taɓa fitinuwa da shi, wato shugabanci.

Idan muka ɗora ma'aikacin yara a kan wannan ma'auni, lamarin zai fito fili. Wanda aka tabbatar ya taɓa yin lalata da yaro, ko fyaɗe, ko azabtar da ƙanana, bai kamata ya sake zama malami, ko koci, ko direban motar makaranta, ko mai gadin ɗakin kwana ba, komai daɗewar abin, komai kyawun tubarsa. Tuba tsakaninsa ne da Ubangijinsa, muna yi masa fatan karɓuwa, ga kasuwa ga gona ga sana'o'i birjik da zai ci halalinsa. Amma babu mahalukin da ke da ikon yin gwajin gaskiyar tubarsa a jikin ɗan wani. Idan gwajin ya faɗi, yaron ne zai ɗauki ciwon har tsufansa, shi kuwa ba a yi shawara da shi ba.

Wanda laifinsa bai shafi yara ba, sai a auna. Shekara nawa yake da shi lokacin? Shekara nawa ke nan da abin ya faru? Sau ɗaya ne ko ɗabi'a ce? Shi ya faɗa da bakinsa, ko ɓoyewa ya yi aka gano? Sannan a dubi aikin. Wanda ya taɓa cin kuɗin ƙungiya zai iya koyar da yara, amma kada a ba shi ajiyar kuɗin makaranta. Wanda aka kama da tuƙi cikin maye kada a ba shi sitiyarin motar yara. Shugaban makarantar Soham da kansa ya ce da ya san akwai tuhumar fasa gida a kan Huntley da bai ɗauke shi ba, domin mai kula da haraba shi ke riƙe da makullai.

Saura wuri mafi wuya: zargin da ba a tabbatar ba. Addini ya tsananta kan ƙazafi, kuma mun san ƙiyayya da hassada na sa a yi wa mutum sharri. Zargi guda ba hujja ba ne, dole a ji ta bakin wanda ake zargi, a kuma bincika cikin sirri. Sai dai hana mutum keɓewa da yara ba haddi ba ne, ba ya buƙatar hujjar da ake buƙata kafin a yi wa mutum bulala ko a ɗaure shi. Idan yara uku daga gidaje uku da ba su san juna ba suka faɗi magana iri ɗaya kan mutum ɗaya, shugaban da ya ce zai jira hukuncin kotu kafin ya raba shi da yara ya ci amanar da ke wuyansa.

Rufin asirin da ke cin yara

Ƙungiyar Sikawut ta Amurka ta shafe shekaru masu yawa tana ajiye takardun sirri na mutanen da ta kora bisa zargin lalata da yara. A 2012 kotu a jihar Oregon ta sa aka fitar da kimanin 1,200 daga cikinsu, na tsakanin 1965 da 1985. A ciki aka ga yadda sau da yawa ba a sanar da 'yan sanda ba, aka bar mutum ya ajiye aiki salin-alin don kare sunan ƙungiya, wasu kuma suka sauya gari suka sake shiga. A Fabrairun 2020 ƙungiyar ta nemi kariyar kotu saboda karayar arziki, mutum fiye da 82,000 suka shigar da ƙorafin cewa an ci zarafinsu suna yara.

Duk wanda ya san unguwanninmu zai gane wannan salo. Yarinya ta dawo gida ta yi shiru, ta ƙi abinci, ta ce ba za ta koma makaranta ba. Uwa ta lallaba ta har ta faɗa. Uba ya je wurin shugaban makaranta ransa a ɓace. Da magariba a zauna a zaure da mai unguwa da dattawa biyu, a kira malamin, ya sunkuyar da kai ya ce sharrin Shaiɗan ne. Sai wani dattijo ya juya ga uban ya ce, “Alhaji, ka yi haƙuri, a rufa asiri. Idan maganar nan ta fita, wa zai auri yarinyar?” A yi fatiha a tashi. Malam ya tattara littattafansa, bayan wata biyu ya samu aji a wata makaranta a unguwa ta gaba, inda babu wanda ya tambayi dalilin barinsa ta farko. Asirin yarinya wajibi ne a rufa shi. Amma a wannan zama har da asirin mai laifi aka rufa, kuma 'ya'yan unguwa ta gaba ne za su biya.

Najeriya na da dokar kare haƙƙin yara ta 2003 da dokar hana cin zarafin mutane ta 2015, kuma a Nuwamban 2019 aka ƙaddamar da kundin sunayen masu laifin lalata na ƙasa a ƙarƙashin hukumar NAPTIP. Sai dai kundi ba ya ɗauke da sunan wanda aka sasanta maganarsa a zaure. Saboda haka nauyin ya dawo kan masu makarantu, da shugabannin ƙungiyoyi, da iyaye.

Abin da ake buƙata bai fi ƙarfin kowa ba. Kafin a ɗauki mutum, a kira inda ya baro a tambaya ƙarara: me ya sa ya tafi, kuma za ku sake ba shi yara? Wanda aka tambaya ya faɗi gaskiya, domin malamai sun fitar da irin wannan nasiha daga cikin gulmar da aka haramta. A tambayi mai neman aikin tarihinsa, a tabbatar masa cewa tsohon kuskuren da bai shafi yara ba ba zai rufe masa ƙofa ba, amma ƙarya za ta rufe. A kafa ƙa'idar cewa babba ɗaya ba ya keɓewa da yaro ɗaya a rufaffen ɗaki, ko wane ne shi, domin yawancin masu cutar da yara ba su da wani tarihi a rubuce. A naɗa mace ko namiji da yara suka sani, wanda za su kai wa kuka ba tare da tsoron bulala ba. Abin da ya kai laifi kuma a miƙa shi ga hukuma.

Al'ummar da ta san darajar tuba ba za ta jefar da mutum saboda kuskuren ƙuruciya ba, za ta ba shi aikin da ya dace da shi, ta riƙe masa mutunci. Amma haƙƙin yaro na ya je makaranta ya dawo lafiya yana gaba da haƙƙin kowane babba na riƙe muƙami. Shugaban da ya san tabon mutum a kan yara, ya kuma sake damƙa masa su, ko ya yi shiru har wani ya damƙa masa, shi ma yana da amsar da zai bayar gobe ƙiyama.