Hoton da Aka Goge Bai Tafi Ba Tukuna

Bayan kowace Sallah, ko bayan watsewar biki, akwai kukan da masu gyaran waya da masu situdiyon hoto na Tudun Wada suka saba ji, tun daga Agoro har Kongo: memori ya nemi a yi masa fomatin, ko yaro ya latsa abin da bai sani ba, hotunan hawan Sarkin Zazzau ko na kamun amarya sun ɓace. Abin da yawancin mutane ke yi nan take shi ne su ci gaba da ɗauka, su karɓi bidiyo ta Xender, su sauko da manhajar da aka ce tana dawo da hoto. A nan ake yin asarar ta gaskiya. Gogewa kaɗai ba ta cika hallaka hoto ba, abin da mai memorin ya aikata bayanta shi ke yanke hukunci.

Ɗauki memori a matsayin kasuwa mai rumfuna dubbai, da littafi guda a hannun sarkin kasuwa inda aka rubuta sunan kowa da lambar rumfarsa. A katin da bai wuce GB 32 ba, tsarin littafin yawanci FAT32 ne, wanda ya wuce haka kuma exFAT. Idan rumfa ɗaya tana cin KB 32, hoto mai MB 4 zai kama rumfa 128. Ranar da aka goge shi, sunansa kawai ake sokewa a littafi, a shelanta cewa rumfunan babu kowa. Kayan suna nan jibge har sai an kawo sabon ɗan haya ya zuba nasa a kai. Fomatin na gaggawa ma haka yake: an sauya littafi, ba a kwashe kaya ba. Shi ya sa kowane sabon hoto da aka ɗauka bayan gogewa yana iya danne tsohon, kuma abin da aka danne ya tafi ke nan.

Manhajojin ceto irin su PhotoRec, wadda Bafaranshe Christophe Grenier ya rubuta kuma kyauta ce, ba sa dogaro da littafin. Rumfa-rumfa suke bi suna neman shaida, domin kowane hoton JPEG yana farawa da alamar FF D8, ya ƙare da FF D9. Idan hoton a jere yake, aikin mai sauƙi ne. Wahalar tana ga memorin da ya daɗe ana goge wannan ana zuba wancan, har guraben da suka rage suka zama nan kaɗan can kaɗan. Sabon hoto sai ya rarrabu, rabi a wannan layi, rabi a wancan, kuma a tsarin FAT32 gogewa tana share bayanin da ke nuna wace rumfa ke bin wace. Sakamakon shi ne hoton da samansa fuskar amarya ce, ƙasansa toka-toka, ko launuka sun hargitse. A 2007 wani mai bincike a Amurka, Simson Garfinkel, ya duba tsofaffin faya-fayan kwamfuta da aka sayo na hannu, ya tarar kusan 16 cikin 100 na hotunan JPEG a rarrabe suke. Masana irin su Nasir Memon a birnin New York sun ɓullo da dabarar haɗa gutsattsarin ta hanyar gwada launin bakin wannan da na wancan, kamar tela mai haɗa ƙyallen atamfa har zanen ya dace. Dabarar tana aiki, amma sai in ƙyallayen duka suna nan.

Saboda haka matakin farko ba ya buƙatar ko kwabo: a cire memorin, a daina amfani da shi. Da muguwar rawa gara ƙin tashi. Idan babban katin kyamara ne, a ja ɗan makullin da ke gefensa don ya hana rubutu. Sannan a sa shi a kwamfuta, a kwafi katin ɗungurungum, a yi aikin ceton a kan kwafin, kuma duk abin da aka samo a ajiye shi wani wuri dabam. Idan katin yana zafi, ko faifan kwamfuta yana ƙara ƙas-ƙas, ciwon a jikin na'urar yake, maimaita gwaji ƙara shi zai yi.

Wani zai ce ai ya bi duk wannan bai samu komai ba, don haka zancen banza ne. Sai a tambaye shi ina hoton yake. Idan a cikin wayar kanta ne, labari ya sha bamban, domin wayoyin da suka fito da Android 10 na 2019 zuwa sama suna kulle bayanai da mabuɗin sirri, kuma ma'ajiyarsu tana share guraben da aka goge da kanta. Abin da manhajojin waya suka fi tsinta shi ne ƙananan kwafi masu dishi-dishi. A nan mafita ita ce kwandon shara na wayar, wanda a iPhone da Samsung yake riƙe hoto kwana 30, ko kuma 'yan uwan da aka tura wa ta WhatsApp. Akwai kuma memorin jabu, wanda aka rubuta masa GB 64 alhali cikinsa bai kai haka ba. Da zarar ya cika, sunayen hotuna yake nunawa ba tare da ya ajiye su ba, kuma abin da ba a ajiye ba babu mai dawo da shi. Duk mai gyaran da ya yi alkawarin dawo da komai kafin ya duba kati, a yi hattara da shi.

Wannan ilimi yana da ɗaya gefen da ya fi muhimmanci ga gidajenmu. Abin da mai kati zai iya cetowa, wanda ya saya daga hannunsa ma zai iya. Hoton matan gida, hoton katin shaida ko takardar fili da aka goge kafin a sayar da memori yana iya fitowa a kwamfutar wani. Kafin a sayar ko a bayar, a yi cikakken fomatin a kwamfuta, ba na gaggawa ba, ko a cika katin fal da bidiyon da ba shi da amfani sannan a goge. In kuwa ceto aka kai, mai kaya ya zauna a yi a gabansa, ya tabbatar ba a bar kwafi a shago ba.

Masu cewa ajiyar hoto a intanet tana cin data suna da gaskiya, amma kwafi na biyu ba lallai ne ya bi ta intanet ba. Filash ko wayar ɗan uwa ta isa. Mai ɗaukar hoton biki kuwa, ya kwashe aikinsa zuwa wuri biyu a daren ranar, ya yi wa katin fomatin a cikin kyamara kafin aiki na gaba, domin hotunan su zauna a jere ko da tsautsayi ya gitta. Memori ana saye a kowace kwana ta Tudun Wada, amma ɗaurin aure da hoton kaka da ta rasu ba a sake su.